Turame uku da na rasa a kan keken ɗinki

Ni tela ne a birnin Zariya. Tun ina ɗan shekara 14 mahaifina ya kama hannuna ya damƙa ni ga wani amininsa mai shagon ɗinki domin in koyi sana'a, kuma yau shekarata 43, ina da shagon kaina da yara 5 masu koyon aiki a ƙarƙashina. A bakina akwai haƙora 29 maimakon 32 da Allah ya ba ni. Ukun da suka tafi duk turame ne, biyu a ƙasa ta hagu, ɗaya a sama ta dama, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya fita sanadiyyar haɗari ko faɗuwa. Ruɓewa suka yi sannu a hankali har aka cire su ɗaya bayan ɗaya, ina ji ina gani, ban kuma san abin da ke cin su ba sai bayan na uku ya tafi.

Duk wanda ya san aikin tela ya san kwanan shago. Da zarar azumi ya raba tsakiya, ko kuma watan babbar salla ya kama, shadda da yadi sukan taru har su kai rabin bango, kowane mai kaya kuma ya ɗauki alkawari cewa zai sa nasa ranar idi. A irin waɗannan darare abin da ke riƙe mu shi ne shayi. Tun ina yaron shago ni ake aika wurin mai shayin bakin titi da babban filas, a cika shi da haɗin kauri, madara da garin koko da sukari har sai cokali ya yi nauyi. Da na girma na zama mai keken kaina sai na riƙa ajiye kofina a gefen keke, in zuba masa ƙwayar sukari biyar, in kurɓa kaɗan in ajiye, in yi ɗinki na ɗan lokaci in sake kurɓa, ta yadda kofi ɗaya yakan kai ni sa'a biyu. Idan barci ya matsa mini sai in jefa alewa a baki in bar ta tana narkewa da kanta. A kuncin hagu nake ajiye ta kullum, saboda da gefen dama nake riƙe allura da tsinke zare, kuma daga baya na gane cewa ba banza ba ne turame biyu na farko suka fita ta hagu.

Abin da ya rufe mini ido shi ne ban taɓa ɗaukar kaina a matsayin mai ƙazantar baki ba. Mahaifina mutum ne mai riƙo da asuwaki, ya kuma tarbiyyantar da mu a kan hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce da ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da yin asuwaki a kowace salla. Ban rabu da asuwaki a aljihun gaban rigata ba, wani lokaci na Makka da ake sayarwa a ƙofar masallaci, wani lokaci reshen darbejiya. Haƙorana na gaba farare ne tas, har abokai sukan yaba. Sai dai gogen nawa bai wuce inda madubi ke nunawa ba, turamen can ciki kuwa ba na kai musu, kuma da dare, bayan kofin ƙarshe, kan tulin yadi nake miƙewa in yi barci da zaƙin a bakina.

Alamar farko ta zo ne ta ruwan sanyi. Na sha ruwan randa wata rana da zafi sai na ji wani abu ya tsarga mini daga muƙamuƙi har cikin kunne, ya kuma wuce nan take, don haka ban kula ba. Bayan watanni nama ya fara maƙalewa a wuri ɗaya duk lokacin da na ci, na zama ba na rabuwa da tsinken sakace, har wata rana harshena ya taɓa wani ɗan rami mai kaifin baki. Daga nan ciwo ya fara zuwa da dare, irin wanda ke bugawa tare da bugun zuciya, mutum ya rasa inda zai sa kansa.

Na bi duk hanyoyin da mutanenmu ke bi. Na tauna kanumfari na cusa a ramin, kuma gaskiya ne yana kwantar da zafi na ɗan lokaci. Na kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi. Na sayi ƙwayoyi a kemis ba tare da takardar likita ba, har wani ya ba ni shawara in ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi in bar ta ta narke, na yi, washegari wurin ya yi fari ya saluɓe kamar an ƙona shi da wuta. Na je wurin wani mai maganin gargajiya a kasuwa wanda ya ce tsutsa ce, ya turara mini hayaƙi a baki, ya nuna mini wasu fararen abubuwa a cikin ƙwaryar ruwa ya ce ga su nan sun fito. Akwai ma wanda ya ce in ɗiga ruwan batir, kuma ina gode wa Allah da ya sa tsoro ya hana ni, domin na ga mutumin da ya yi hakan ya ƙone rabin bakinsa. Bayan wani lokaci ciwon ya ɗauke ɗif, na ɗauka na warke, har na koma na yi wa mai hayaƙin godiya. Ashe jijiyar haƙorin ce ta mutu, ƙwayoyin cutar kuma suka ci gaba da gangarawa zuwa saiwa ba tare da wani abin da zai sanar da ni ba.

Saura kwana 9 salla na tashi da kunci a kumbure, zazzaɓi ya rufe ni, bakina kuma ba ya buɗuwa fiye da shigar yatsa ɗaya. Na so in daure in tafi shago saboda kayan mutane, amma uwargidana ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Maigida, don girman Allah ka tafi asibiti. Masu kaya za su yi fushi su huce, mu kuwa ba mu da wani sai kai." Ƙanena ya ɗauke ni a babur. An ba ni magani na kwanaki har kumburin ya saɓe, sannan aka cire haƙorin, likitan kuma ya shaida mini cewa irin wannan ruɓa idan ta gangara ƙarƙashin harshe da wuya tana iya toshe numfashi ta yi kisa. A wannan shekarar mutum 11 ba su sa ɗinkinsu ranar idi ba, wasu daga cikinsu har yau ba su sake kawo mini aiki ba.

Ina jin kunyar faɗa, amma da ramin ya warke sai na koma ruwa. Na ɗauka ƙaddara ce ta faɗa wa haƙori ɗaya, an cire shi an huta. Bayan shekara biyu maƙwabcinsa ya bi shi, bayan wasu ukun na sama ya bi su.

A zuwa na uku ne Allah ya haɗa ni da wata likitar haƙori, mace mai haƙuri, wadda bayan ta gama aikinta ba ta sallame ni ba. Ta ɗauko takarda ta ce, "Malam, ina so ka lissafa mini duk abin da ke shiga bakinka daga asuba zuwa kwanciya, ko da kurɓi ɗaya ne." Na fara da koko da sukari da safe, shayin hantsi, alewa, lemon kwalba bayan abincin rana, zoɓo da la'asar, fura da aka zuba wa sukari, sannan shayin dare da kurɓe-kurɓensa. Tana yin zane a takarda duk lokacin da na ambaci abu mai zaƙi, da muka gama ta juyo mini da ita na ga zane 16.

Daga nan ta yi mini bayanin da tun ina yaro ya kamata in ji. Ta ce babu tsutsa a haƙori. Akwai dai wasu ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, suna zaune a cikin wata dauɗa mai santsi da ke manne wa haƙori, wadda mutum kan ji da harshensa idan ya tashi barci. Abincinsu sukari ne, kuma da zarar sun same shi, cikin 'yan mintoci sai su fitar da sinadari mai tsami wanda ke narkar da ɓawon haƙori, duk da cewa wannan ɓawo ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, har ƙashi. Miyau shi ne mai gyara, yana wanke tsamin yana mayar wa ɓawon da ma'adinan da ya rasa, amma yana bukatar kamar rabin sa'a ko fiye kafin baki ya koma daidai. Duk kurɓin da na yi kafin wannan lokaci ya cika, na mayar da aikin baya ke nan. Sai ta tambaye ni ko a gidan ƙasa na tashi, na ce mata ƙwarai. Ta ce, "To ka san ruwa mai ƙarfi na sa'a ɗaya bai cika kayar da katanga ba, domin rana za ta fito ta busar da ita. Marka ce ke kayar da katanga, yayyafin da ba ya tsayawa kwana da kwanaki. Kai marka ka sa wa haƙoranka shekara 20." Ta ƙara da cewa miyau yana raguwa sosai idan mutum ya yi barci, saboda haka zaƙin da aka kwanta da shi ya fi kowane ɓarna.

Na yi shiru a kujerar nan, bakina cike da auduga, ina tuna katangar gidanmu ta yamma da ta faɗi a wata damina ina yaro, da yadda muka yi ta kallon tsagar tana faɗaɗa kullum muna cewa gobe za a yaɓe.

Daga baya na ji a rediyo, ranar 20 ga Maris da ake ware wa lafiyar baki a duniya, cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan biliyan 2 ne ke fama da ruɓewar haƙoran girma, yara kuma miliyan 514 ke da ruɓa a haƙoransu na nono. Hukumar ta kuma ba da shawara tun 2015 cewa sukarin da babba ke sha a yini, wanda ake zubawa a abinci da wanda ke cikin zuma da lemon sha da ruwan 'ya'yan itatuwa, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da yake samu daga abinci, wato kamar giram 50 ko ƙaramin cokali 12, idan kuma ya iya rage shi zuwa rabin haka ya fi. Lemon kwalba da yawa suna ɗauke da kusan giram 10 a kowace mililita 100, don haka robar nan ta rabin lita ita kaɗai ta cinye kason yini. Da na auna wannan da abin da nake sha a daren kwanan shago sai na ga ina ninka shi sau uku ko huɗu, ban kuma taɓa lissafa shayi a cikin kayan zaƙi ba.

Canjin bai zo mini da sauƙi ba, kuma ba na so in yaudari kowa a kan haka. Likitar ba ta ce in daina shayi ba, cewa ta yi in haɗa shi da abinci, in shanye a zama ɗaya, in bi shi da ruwa. Na riƙa rage ƙwayar sukari ɗaya duk bayan mako biyu, daga biyar har na tsaya a ɗaya, kuma a makonnin farko shayin yakan yi mini salam har in ji kamar in zubar. Harshe dai yana sabawa, domin yanzu idan aka ba ni irin haɗin da nake sha a da, ba na iya kai rabin kofi. A gefen keke, inda kofi yake zama, na ajiye gorar ruwa da ƙullin gyaɗa. Idan barci ya zo sai in tashi in yi alwala in zaga waje, ko kuma in kwanta na sa'a ɗaya, wanda na ga ya fi alewa amfani ga ɗinkin kansa, domin kuskuren yanka ya ragu.

Wajen wanke baki ta ce in duba jikin makilin kafin in saya, in tabbatar akwai sinadarin fuloraid, da lamba tsakanin 1000 da 1500 kafin haruffan ppm, domin shi ne ke shiga ɓawon haƙori ya ƙara masa juriya ga tsami. Sau biyu a rana, minti biyu, da buroshi mai laushi wanda za a canza duk bayan wata uku, kuma na dare shi ne ba a fashi, bayansa ba a cin komai sai ruwa. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne da ta ce idan na gama in tofar da kumfar kawai kada in kurkure, domin kurkurewa na wanke maganin kafin ya yi aiki. Mutumin da ya saba kurkure baki a kowace alwala hannunsa da kansa yake kai wa buta, sai da na yi kusan wata kafin na saba. Ta kuma nuna mini zaren sakace, wanda ke shiga tsakanin haƙora inda buroshi ba ya kaiwa, kuma a nan ne turmina na uku ya fara ruɓewa. Asuwaki kuwa ta ce in riƙe shi da kyau, yana cire dauɗa, sai dai in kai shi har ciki, gaba da baya da saman turame, in kuma yanke bakinsa idan ya tsufa. A azumi na mayar da wankin safe zuwa bayan sahur kafin kiran assalatu, saboda a da kunu da dabino nake ci in koma barci, in kuma yini da busasshen baki.

Duk wannan kaina ya shafa, kuma da a nan labarin ya tsaya da wataƙila ban rubuta shi ba. Abin da ya fi taɓa ni ya faru ne a gida.

Tun 'yata ta fari tana tatata na saba ba na shiga gida hannu rabbana. Kowane dare sai na tsaya wurin mai tireda na sayo mata alewa ko biskit ko tuwon madara, kuma saboda ina dawowa a makare, sau da yawa a kan shimfiɗa take karɓar tsarabar, ta ci idonta rabi a rufe ta koma barci. A wurina wannan ita ce hanyar nuna mata ƙauna, tunda yini nake ba ta gan ni ba. Ga kuɗin tara na makarantar boko da na Islamiyya, waɗanda duk a bakin ƙofar makaranta suke ƙarewa wurin masu alewa da lemon leda. Tana shekara 6 na lura turamenta na nono biyu sun yi baƙi. Da na yi maganar kai ta asibiti mahaifiyata ta ce, "Haba, ai na famfara ne, za su zube wasu su fito, kada ka wahalar da yarinya." Na durƙusa na ce, "Inna, ki yi haƙuri ki bar ni in kai ta a duba, ba na so ta sha abin da na sha." Ta dube ni ta ce Allah ya sa a dace.

Likitar ta kwantar da ita a kujera, ta haska fitila, ta kira ni ta ce in leƙa can ƙarshen baki, bayan haƙoran nono. Na ga wani sabon turmi da ya gama fitowa, mai faɗi, a samansa kuma akwai wani ɗan tabo fari kamar alli. Ta ce wannan ba na famfara ba ne. Shi ne turmin girma na farko, yana fitowa wajen shekara 6 ba tare da wani haƙori ya faɗi ba, shi ya sa iyaye da yawa ke ɗaukarsa na nono su bar shi ya lalace, alhali idan ya tafi babu wani da zai maye gurbinsa. Farin tabon kuma shi ne farkon ruɓa, matakin da har yanzu ake iya mayar da shi baya kafin ya zama rami. Ta ƙara da cewa turamen nono ma sukan zauna har shekara 10 zuwa 12, su ne ke riƙe wa na girma wuri, saboda haka ba abin wofintarwa ba ne. Na tambaye ta wane haƙori ne aka fara cire mini, ta duba ta ce irin wannan ne, na hagu. Hawaye suka zo mini a gaban yarinyar, sai na juya na fuskanci taga.

An yi wa na nonon biyu ciko, an shafa wa sabon turmin fuloraid mai ƙarfi, daga baya kuma aka toshe ƙananan kwarin da ke saman sababbin turamen girma huɗu da wani abu mai kama da farin fenti domin kada abinci ya riƙa kwanciya a ciki. A gida na canza tsaraba zuwa dafaffen ƙwai, gyaɗa, lemon zaƙi, kankana, tsire idan aljihu ya yi nauyi, alewa kuwa muka mayar da ita ranar Juma'a bayan abincin rana. Ta yi kuka kwanaki da yawa tana cewa Abba ya daina son ta, kuma wannan ya fi mini cire haƙori ciwo. Ni ko mahaifiyarta muka riƙa goge mata baki da hannunmu kowane dare har ta kai shekara 8, da makilin kamar girman ƙwayar wake. Ƙannenta kuma tun fitowar haƙorin farko, wajen wata 6, muke shafa musu ɗan kaɗan kamar ƙwayar shinkafa, mun kuma daina zuba sukari a abin shansu na kwanciya. Inna da kanta yanzu ita ke tambayar jikokin ko sun wanke baki kafin ta ba su tatsuniya.

A shago na hana ajiye kofi a gefen keke. Ana kawo shayi sau ɗaya da dare tare da burodi da ƙwai, kowa ya bar aiki mu zauna mu sha tare, a wanke kofuna a kife. Na saya wa kowane yaro buroshi na rubuta sunansa a jiki, suna rataye a ƙusa kusa da buta. Biyu daga cikinsu sun riga sun zo mini da ramuka tun daga gida, na kai su aka cike tun ba su kai jijiya ba.

Har yau da gefen dama nake tauna, kuma idan aka kawo nama mai tauri a wurin biki nakan bar shi a kwano. Ina da turmi na huɗu da aka ceto da ciko, wanda ake dubawa duk bayan wata shida. A zuwanmu na ƙarshe na tafi da 'yar tawa, wadda yanzu take shekara 13, likitar ta haska fitila a kan turmin nan ta ƙwanƙwasa shi da ƙarfenta, ta ce lafiyarsa lau, sannan ta rubuta mana ranar dawowa, mako biyu bayan ƙaramar salla.